Barewa Ta Takwas

Sendai, 19 ga Afrilu, 1994

Zuwa ga Yaya Kinue,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, gwiwar nan taki kuma ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, uwargida Harumi tana gaishe ki. An yi wa Baba aikin yanar ido makon jiya, kuma ya yi kyau. Abu na farko da ya faɗa da aka cire masa bandeji shi ne wai na yi tumbi. Kunne dai yana nan yadda kika san shi, ganga ta riga ta ci rabonta, sai an yi masa ihu.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Jami'armu za ta yi bikin al'adun gargajiya ranar sha shida ga Yuli, kuma ofishinmu na harkokin ɗalibai aka ɗora wa shirin. Ranar Juma'a na tafi da Baba ofis don kada ya yini shi kaɗai a gida. Sai ga ɗalibai sun shigo suna gardamar abin da za su nuna, wannan ya ce kiɗa, wancan ya ce rumfar taliya. Baki ya suɓuce mini na ce ai ga shugaban rawar barewa na garinmu Sugisawa nan zaune. Yaya, mutumin da tun rasuwar Inna a watan Nuwamba bai jera kalma goma ba, sai ga shi ya miƙe yana ƙirga su da yatsa. Ya ce, "Bakwai nake so. Ba shida ba, ba takwas ba."

Na ce, "Baba, ai barewa takwas ce."

Ya ce, "Kai da ka gudu daga rawa kana shekara sha bakwai, kai za ka koya mini ƙirga?"

To, ranar uku ga Mayu zan zo da akori-kura in ɗauki kawunan barewa da ake sawa a rawa, bakwai na mazan, da gangunansu da gorar da ake ɗaurawa a baya. Ki taimaka ki fito da su daga sito su sha iska. Kan macen ya ce a bar shi, ba yanzu ba. Ya kuma ce ba zai dawo dashen shinkafa ba, sai an gama bikin. Ki yi haƙuri, na san aikin zai yi miki yawa. Kawu Tokuji ba zai hana ki aron injinsa ba.

Ƙaninki,
Noboru

Sugisawa, 12 ga Mayu

Noboru,

Na gaishe ka, na gaida Harumi. Gwiwa tana nan ba ta je ko'ina ba, kamar mai ita. Na gama dashe shekaranjiya, ni da injin Kawu Tokuji da surutunsa. Bara sanyi ya hana mu shinkafa, bana dai muna sa rai. A cikin kwalin nan akwai ganyen miya na kan dutse da kokwambar da na jiƙa wa Baba a gishiri. Ka ce wa Harumi kada ta wanke ta, haka yake son ta.

Ka zo ka kwashi kawunan kamar wanda ya bar tukunya a wuta, ko shayi ba ka ƙarasa ba, shi ya sa ban samu na tambaye ka ba. Wace ce yarinyar nan mai jan gashi da ta fito daga motarka? Ina tsaye ina kallo ta kama kan shugaba ta ƙaho, ta ɗaga shi sama, tana cewa, "Kai, Goggo, ashe da nauyi!" Ni ce Goggo. Kan da kakanmu ya sa, Baba ya sa, shi ta riƙe kamar kabewa. Na zaci ɗauko kaya ka kawo ta. Amma daren jiya ina wanke-wanke sai wani tunani ya zo mini, har kwano ya suɓuce mini. Noboru, ka gaya mini gaskiya, a cikin bakwai ɗin nan akwai mace?

Kai ƙarami ne a lokacin, wataƙila ka manta, ni ban manta ba. Ina shekara tara na shiga sito ranar shan iskar kawunan, na sa kan macen, na buga ganga sau uku. Sau uku kacal. Baba ya shigo. Bai dake ni ba, da ya dake ni da tuni ya wuce. Ya cire kan a hankali, ya kira Inna ya ce ta kawo gishiri. A gabana ya barbaɗa masa gishiri ciki da waje, kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo daga wurin gawa. Sannan ya ce, "Mace tana ɗinka rigar barewa, ba ta shiga cikinta."

Shekara talatin da biyar ke nan ina ɗinkawa. Ni ce taje gashin dokin kawunan, ni ce manna farar takarda a jikin gora, ni ce dafa wa maza takwas abinci duk Obon, bikin dawowar matattu gida. Kai aka koya wa, ka tsere birni. Ni da aka hana, ni na zauna.

Ka ba ni amsa, kada ka yi mini kwana-kwana irin naka na ofis.

Yayarki ba, yayarka, ka ga har hannuna ya rikice,
Kinue

Sendai, 29 ga Mayu

Yaya,

Mun samu kwali, mun gode. Ina fata ruwan gona ya zauna daidai. Baba lafiya ƙalau, har ya ƙara ƙiba, ya daina sa tabarau sai in zai duba jarida.

Tun da gaskiya kike so, ga ta. Mata biyu ne a cikinsu, maza biyar, biyu daga cikin mazan ma baƙi ne, ɗaya daga Brazil ɗaya daga Koriya. Mai jan gashin sunanta Madoka, 'yar Tokyo ce, tana karatun ilimin ƙasa. Ba ta da mugun nufi, Yaya, rashin sani ne. Da farko ko tsugunno ba ta iya ba, yanzu Baba ya ce ta fi mazan kunne. Ni ma na yi mamaki da bai ce uffan ba kan batun mata. Zamani ne ya canja, ko kuma tsufa ya saukar da shi.

Da kin gan shi da kin yi murna. Kullum ƙarfe huɗu suna filin bayan ɗakin karatu, yana koya musu kiɗan da baki, suna amsawa kamar 'yan firamare. Suna kiransa Malam. Ranar Lahadi Madoka ta kawo masa dunƙulen shinkafa da ta yi da hannunta, duk ya wargaje, ya cinye tas yana dariya. Yaushe rabon da ki ji dariyar Baba?

Ni ba na sauka filin, kin san dalili. In ya gan ni tsaye kusa da ganga fuskarsa canjawa take yi. Daga tagar ofis nake jiyo su. Abin da zai ba ki dariya, tsufa ya fara rikita masa sunaye. Sau da yawa ina jin yana ƙwala kira, "Kinue! Kinue!" a tsakiyar rawa. Ina jin Madoka yake nufi, don ita ya fi yabo. Kin ga ke nan kina ransa.

A gaida Kawu Tokuji.

Noboru

Sugisawa, 14 ga Yuni

Noboru,

Ina lafiya. Damina ta kankama, shinkafa ta yi kore. Na daɗe ban ba ka amsa ba don takarda uku na yaga kafin wannan.

Wai abin da zai ba ni dariya. Na yi dariyar, har maƙwabta suka ji. An ba ta ganga, an ba ta kai, an ba ta dariyar Baba, sauran sunana ne kawai, shi ma an miƙa mata. To me ya rage a gidan nan da ba a ɗora a akori-kura ba?

Wata biyar bayan rasuwar Inna ina zaune da mutumin nan a tebur ɗaya. In kawo abinci ya ci, in kwashe ya tashi. Na yi masa miyar naman kaza irin ta Inna, bai ɗaga kai ba. Na ce a raina baƙin ciki ne, a bar shi. Ashe dariyar tana nan a ajiye, jira take wata ta zo daga Tokyo da wargajajjiyar shinkafa. Shekara nawa ina dunƙula masa shinkafa ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba, ban taɓa jin ya ce ta yi daɗi ba. Da na san wargajajjiya yake so ai da na huta.

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi. Ina shekara arba'in da huɗu ina kishin yarinyar da na isa haifa, kuma kunya ba ta hana ni faɗa ba. Ina cire ciyawa a gona ina ganin jan gashin nan a cikin ruwa. Kai kuma ka rubuto mini wai zamani ya canja. Zamanin bai ga hanyar Sugisawa ba ne? Jirgin ƙasa yana zuwa, motar gidan waya tana zuwa, shi kaɗai ne ya tsaya a Sendai?

Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gidanmu ɗan ya gudu gaba ɗaya, 'yar kuma aka ɗaure mata ƙafa, aka je makaranta neman 'ya'yan wasu.

Obon na farko na Inna saura wata biyu. Maza huɗu suka rage masu iya ɗaukar kai a garin nan, kuma kawunan suna wurinku ana wasa da su don tafi. Ka tambayi Malam wa zai yi wa matarsa rawa a tsakar gida ranar da za ta dawo. Ko ya manta sunanta ita ma?

Kokwamba ta ƙare. Mai dunƙulen shinkafa ta jiƙa masa.

Kinue

Sendai, 25 ga Yuni

Yaya Kinue,

Gaisuwa da fatan alheri. Harumi ta yi mura amma ta warke. Na karanta takardarki sau biyu, ban ji daɗi ba, kuma na ga laifina ne da na yi ta zuba ba tunani. Ban karanta wa Baba ba. Batun Obon kawai na tambaye shi, ya ce, "Wannan ba ruwanka."

Jiya da safe shi ya kira ni da kansa, ya ce in zauna in rubuta abin da zai faɗa kada in ƙara kada in rage. Ga shi:

"Kinue ta kawo kan macen da gangarsa da rigarsa. Kada ta sa a gidan waya, kada ta ba kowa, ita da kanta. Ta zo ranar sha uku, kwana uku kafin biki. Ta taho da allura da zare, rigar za ta so gyara a kafaɗa. Ta taho da farar safarta."

Na ce, "Baba, ba za ka ƙara ko kalma ɗaya mai daɗi ba? Ranta a ɓace yake."

Ya ce, "In ta zo za ta gani."

Rawar ɓoye mace za su yi a bikin, shi ya sa ake bukatar kan. Ki daure ki zo, Yaya. Rabonki da fita daga garinmu tun bikina. Harumi ta gyara miki ɗaki, kuma za ki ga ɗalibai cikin rigunan bazara, da fitilu, da rumfuna har bakin ƙofa. Zan tarye ki a tasha.

Noboru

Sugisawa, 5 ga Yuli

Noboru,

Lafiya lau. Na ji saƙon Malam, kuma na gode da ba ka ƙara ba ka rage ba.

Wato in ɗauko kan da aka wanke da gishiri saboda ni, in goya shi a jirgin ƙasa, in durƙusa a gaban yarinya da allura a baki in rage mata kafaɗa. In sa farar safa kuma, don kada 'yar ƙauye ta ba shi kunya a gaban manyan jami'a. Kwana uku ina ɗinki, rana ta huɗu in tsaya a bayan rumfar taliya ina tafi, yana kiran sunana wata tana amsawa.

Ba zan zo ba. Kan yana sito, mabuɗi yana wuyana. In yana so ya zo ya karɓa da bakinsa.

Ga ɗan ƙulli nan a cikin ambulan, ka ba shi hannu da hannu. Gishiri ne, daga tulun da aka ɗebo na wancan karon. Ka ce in ji Kinue, mata biyu sun sa kawunan gidanmu wata biyu, ko a Sendai gishiri ya yi tsada ne?

Sannan ka sani, na karɓi aiki a wani masaukin baƙi na ruwan ɗumi a Hanamaki, wanki da shimfiɗa, da ɗakin kwana. Ranar goma ga Agusta zan fara. Gona na yi magana da Kawu Tokuji zai girbe. Zan share kabarin Inna in sa mata fure kafin in tafi, ita za ta fahimta, ta sha ganin abin da na gani. Obon kuma ku da kuka iya biki sai ku zo ku yi. Ba fushi na kwana biyu ba ne, Noboru. Na gaji da zama a gidan da aka fi ganin baƙo.

Kinue

Sendai, 17 ga Yuli

Yaya,

Ban san ko za ki buɗe wannan ba. Kowa lafiya, in dai lafiyar jiki ce. Ki karanta har ƙarshe don darajar Inna, in ya so ki yaga.

Na ba Baba ƙullin kamar yadda kika ce, na kuma faɗa masa maganarki da ƙarfi don ya ji. Ya buɗe, ya duba, ya mayar ya ƙulle, ya sa a aljihun ƙirji. Ranar sha uku duk da haka ya sa rigarsa ta fita ya ce in kai shi tasha. Jirgi huɗu muka jira.

Jiya aka yi bikin. Rana ta yi zafi, fili ya cika, yara da iyaye da malamai, ga ƙanshin gasasshiyar masara ko'ina. Ƙarfe uku aka kira su. Karon farko ke nan da na tsaya kusa, kuma abin da na fara lura da shi ya ɗaure mini kai. Madoka tana can gefe, ta shida a layi, da kan namiji. A tsakiya, bayan shugaba, inda mace ke tsayawa, ba kowa. Sai suka riƙa zagaye wurin kamar akwai mutum, ba wanda ya taka shi.

Kin fi ni sanin rawar. Mace ta ɓuya, mazan su bazu suna nema, gora tana dukan ƙasa, har shugaba ya gano ta a bayan ciyawa, kiɗa ya juya ya zama na murna. To jiya sun nema. Sun nema har gumi yana ɗiga daga ƙarƙashin rigunan. Shugaba ya je bayan ciyawar da aka kafa, ya leƙa, ya dawo. Sai Baba ya ɗaga hannu, ganguna bakwai suka yi shiru lokaci ɗaya. A nan aka tsaya.

Mai gabatarwa ya miƙa wa Baba lasifika ya yi jawabi. Bai karɓa ba. Ya taka zuwa wurin nan da ba kowa, ya ciro ƙullinki, ya kwance, ya juye gishirin duka a kansa. Yana zuba a gira, yana shiga wuyan riga, ga idon da aka yi wa aiki. Sannan ya juya arewa, wajen gida, ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba.

Mutane suka ɓarke da tafi, sun zaci cikin al'adar ne. Wani malami ma ya matso yana tambayata ma'anar gishirin don ya rubuta. Na ce masa ban sani ba.

Da suka cire kawuna na ja Madoka gefe na ce, "Da ma ba ke ce macen rawar ba? Ba ke yake kira Kinue ba?"

Ta zaro ido ta ce, "Ni? Wane ni! Ai tsintsiya ce Kinue."

Yaya, tun ranar farko Baba ya ari doguwar tsintsiya wurin masu shara, ya kafa ta a tsakiyar fili. Duk wanda ya matsa kusa sai ya daka masa tsawa, "Za ka take Kinue! Ku ba Kinue wuri!" Wata biyu da rabi suna rawa da tsintsiya. Madoka ta ce har gaishe ta suke yi in sun zo. Ni kuma ina sama a taga, sunan kawai nake tsinta, na ɗauka na aiko miki da abin da ban gani ba. Wannan laifina ne, kuma na san girmansa.

Na same shi zaune a kan matakala yana kakkaɓe gira. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Bakin da ya ce a kawo gishiri, shi zai ce zo ki yi rawa?"

Sai ya ba ni labari. Kwana biyu kafin Inna ta cika ta ce masa, a Obon ɗinta na farko in ba Kinue ce mace ba, kada kowa ya buga mata ganga a tsakar gida. Ranar addu'ar kwana arba'in da tara da rasuwarta ya tara Kawu Tokuji da sauran ukun ya roƙe su. Suka ce ranar da mace ta sa kai, su sun ajiye nasu. "To ina zan samo bakwai da ba za su ƙi ta ba?" in ji shi. "Sai inda ba a san dokar ba." Bikin jami'a gwaji ne kawai a wurinsa. Kafaɗar da za a gyara taki ce, safar kuma ta rawa ce.

Na ce, "Amma ba ta taɓa koya ba."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Duk ranar shan iska in ta rufe ƙofar sito me kake zaton tana yi? Akwai tsaga a bangon baya. Shekara ashirin ina tsayawa a wurin. Ƙafarta ta fi taka tun kuna yara."

Wannan ta ƙarshen ta soke ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Ashe ba ke kaɗai ke da abin yi wa kishi ba.

Yaran bakwai sun ce sun fasa zuwa gidajensu, za su zo Sugisawa ranar sha huɗu ga Agusta in akwai mace. In babu, Baba ya ce a mayar da kawunan sito a rufe. Bai ce in roƙe ki ba. Ni ne nake roƙo.

Ƙaninki,
Noboru

Sugisawa, 2 ga Agusta

Noboru,

Ina lafiya, zafi ya yi yawa, shinkafa ta fara fitar da kai. Yaya idon Baba? Wane irin likita ne ya sallami mutum bai gaya masa ba a zuba gishiri a sabon ido ba? Ka mayar da shi a duba.

Takardarka ta yi kwana biyar a ƙarƙashin tukunyar shinkafa kafin in buɗe. Da na karanta na zagaya bayan sito. Tsagar tana nan, daidai tsayinsa, har ƙasar wurin ta lotsa. Na zauna a nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Kada ka zaci na huce. Shekara ashirin mutum yana leƙe, ƙofa tana taku biyar daga inda yake tsaye. Da ya buɗe ta ina da gwiwa biyu masu kyau. Yanzu sai da na tsufa, sai da Inna ta mutu, sai da aka yi da tsintsiya. Wannan maganar tana nan, ni da shi ne, kuma zai ji ta ko da ihu ne.

Na rubuta wa masu masaukin na ba su haƙuri.

Jiya da hantsi na fito da kan macen tsakar gida, ƙofar waje a buɗe. Na ɗaura ganga, na sa kai. Ya fi yadda nake ji a sito nauyi, ko don rana ce. Ina cikin zagaye na biyu sai ga Kawu Tokuji a kan kekensa. Ya taka burki har ya kusa faɗuwa.

Ya ce, "Wane ne a ciki?"

Na ce, "Barewa ce, Kawu."

Ya ce, "Kinue, kin san abin da kike yi kuwa?"

Na ce, "Shekara talatin da biyar ina ba ku abinci ina kallonku, ko kare ne ai ya iya."

Ya tsaya har na kai ƙarshe, sannan ya hau kekensa ya tafi. Ko zai zo ranar, ko ba zai zo ba, shi ya sani.

Ku taho ranar sha biyu, ba sha huɗu ba. Ban taɓa yi da mutane ba, kuma ba zan bari tsintsiya ta fi ni a gaban uwata ba. Na shanya shimfiɗa goma. Ka tambayi baƙin nan biyu abin da ba sa ci. Kai ma ka zo da tsohuwar safarka, akwai gangar da ba ta da mai ita, ko daga gefe ne ka buga wa Inna.

Mai jan gashi ta zo, ban hana ba. Amma ka gaya mata a gidan nan ba a kama kai ta ƙaho, ba a ce mini Goggo, kuma shinkafar Baba ni ke dunƙulawa. A fili ta bar taku biyu tsakanina da ita.

Na jiƙa sabuwar kokwamba, za ta yi daidai ranar da za ku iso. Ka gaya wa Baba da ƙarfi, yadda zai ji: gishirin da ya rage a tulu na juye shi duka a kan kokwambar, babu saura a gidan.

Yayarka,
Kinue